Yadda ake sa wa intanet farashi, a kuma shawo kan cunkoso a layi

Wannan bayani na wanda ya sayi ƙarfin intanet a sari ne yana rarraba wa jama'a: ƙaramin kamfanin da ke jona wa gidaje, ko mai kula da sadarwar makaranta, otal ko wani babban gini, da duk wanda ƙorafin "netwok ya yi nauyi" ke ƙarewa a kansa. Yawancin masu wannan sana'a suna lissafi da gigabait ne, domin ita kwastoma ya sani. Amma ba gigabait ce ke cin kuɗinka ba. Abin da ke cinsa shi ne faɗin layin da dole ka tanada saboda 'yan sa'o'in da kowa ya hau a lokaci ɗaya. Mai gina gada ba ya duba motocin da ke wucewa da tsakar dare, sa'ar da aka fi cunkoso yake dubawa, kuma kuɗin gadar gaba ɗaya daga wannan sa'ar yake fitowa. Matakan da ke tafe duk a kan wannan aka ɗora su.

Mataki na farko: raba awo biyu da ake cakuɗawa

Megabit a daƙiƙa, wato Mbps, awon faɗin layi ne. Gigabait kuwa awon yawan abin da ya bi ta layin ne. Bit 8 ke yin bait ɗaya, saboda haka layi mai 1 Mbps da ya yi aiki ba tsayawa har kwana 30 zai ɗauki kimanin gigabait 324. Kai da Mbps kake saya, kwastoma da gigabait yake tunani. Riƙe wannan lamba ta 324, amma kada ka raba kuɗin layinka da ita ka ce ka samu farashin gigabait ɗaya. Babu layin da ke cike dare da rana, kuma da zai cika haka da babu mai iya amfani da shi.

Mataki na biyu: auna kafin ka yanke komai

Sa manhajar da za ta riƙa karanta rautarka, wato na'urar da ke rarraba intanet ɗin, duk bayan minti biyar tana zana maka jadawali. MRTG, Cacti da LibreNMS duk kyauta ne, kuma suna karanta na'ura ta hanyar SNMP, wata ƙa'ida ta karɓo alƙaluma daga na'urorin sadarwa, wadda kusan kowace rautar kamfani ke da ita. Ka auna saukewa daban, ɗorawa daban. Kada ka tsaya a babban layin da ya shigo maka. Ka auna kowane reshe, kowace eriya, kowace mahaɗa tsakanin turke da turke, domin sau da yawa babban layin yana da sarari, wani ɗan reshe ne can ciki ya shaƙe, mutanen da ke kansa ne kuma ke ta kiranka.

Bar awon ya yi wata guda aƙalla. Abin da za ka gani a layin gidaje kusan iri ɗaya ne ko'ina: ƙasa-ƙasa da asuba, hawa a hankali da rana, sannan tudu babba da daddare lokacin da aka koma gida aka kunna bidiyo. Layin ofisoshi akasin haka ne, tudunsa da rana yake. Idan kana da nau'in kwastomomin nan biyu, ka yi sa'a, domin layi ɗaya ne zai yi maka aiki sau biyu.

Tare da yawan zirga-zirgar, ka auna jinkiri. Aika ping, wato ɗan saƙon gwaji da ake jiran amsarsa, zuwa wata na'ura da ba ta canza wuri, ka ga milisakan nawa amsa ke ɗauka da asuba, nawa take ɗauka a tsakiyar tudun dare. Bambancin nan shi ne ainihin awon cunkoso. Jadawalin minti biyar yana ɓoye cikar da ta yi daƙiƙa goma ta wuce, jinkiri kuwa ba ya ɓoye ta.

Mataki na uku: fahimci yadda ake cajin ka

Masu sayar da layi a sari suna caji ta ɗayan hanya biyu. Ko dai ka biya kuɗi tsayayye na faɗi kaza, ka cika shi ko kar ka cika, ko kuma a yi maka lissafin kashi 95. Wannan na biyun ya cancanci a tsaya a kansa, domin da yawa suna sa hannu ba tare da sun gane shi ba.

Ana ɗaukar awon layinka duk minti biyar. A wata mai kwana 30 za a samu awo 8,640. Sai a jera su daga babba zuwa ƙarami, a zubar da kashi 5 cikin ɗari na sama, wato awo 432, wanda ya yi daidai da sa'a 36. Awon da ya fi girma a cikin sauran shi ne kuɗinka na watan. Galibi kuma ana duba saukewa da ɗorawa ne a ɗauki wanda ya fi yawa.

Ma'anar wannan a aikace: wasan ƙwallo ɗaya da ya cika layinka na sa'a biyu ba zai ƙara maka ko sisi ba, yana cikin sa'a 36 da aka yafe. Amma tudun da ke maimaita kansa sa'a biyu kowane dare ya zama sa'a 60 a wata, ya zarce abin da aka yafe, saboda haka shi ne zai yanke maka kuɗi. Duk abin da ya bi ta layin daga ƙarfe ɗayan dare zuwa wayewar gari, kusan a kyauta ya wuce. Ka kuma duba ƙaramin adadin da ka yi alkawarin biya ko ba ka yi amfani da shi ba, da farashin abin da ya haura shi, wanda yawanci ya fi tsada.

Mataki na huɗu: kasa kuɗin da kake kashewa gida uku

Akwai kuɗin da ke ƙaruwa da girman tudun dare: kuɗin layin sari, mahaɗun tsakiya, da manyan na'urorin da za ka sauya idan zirga-zirga ta ƙaru. Akwai wanda ke ƙaruwa da yawan mutane: na'urar da ka ajiye a gidan kwastoma, masu amsa waya, masu karɓar kuɗi. Akwai kuma wanda ba ruwansa da ko ɗaya: haya, lasisi, wuta, albashin dindindin.

Mu ƙaddara misali, da lambobin da na ƙirƙira don sauƙin lissafi, ka sa kowane irin kuɗi kake so. Kana da kwastomomi 300, ka sayi layi mai 600 Mbps, tudunka yana kaiwa 390. Kana kashe 9,000 a wata: 3,900 na tudu, 1,500 na yawan mutane, 3,600 na dindindin. Ke nan kowane 1 Mbps a lokacin tudu yana cin 10, kowane kwastoma kuma yana ɗauke da 17 tun kafin ya buɗe komai.

Yanzu ɗauki mutum biyu. Na farko yana kallon bidiyo mai kyan hoto sa'a biyu kowane dare, a kan 5 Mbps, wanda shi ne abin da Netflix ke ba da shawara don hoto mai 1080p. A wata zai ci gigabait 135. Idan tudunka sa'a huɗu ne, matsakaicin nauyinsa a kan layin 2.5 Mbps ne, wato yana cin maka 25 da 17, jimla 42. Na biyu yana barin kwamfutarsa tana sauke manyan fayiloli daga ƙarfe ɗayan dare zuwa shida na safe, gigabait 400 a wata, da yamma kuwa ba ya ko gida. Shi 17 ɗin nan kawai yake ci, ko da ɗan ɗoriya. Idan ka sa dokar cewa duk wanda ya wuce gigabait 200 za a rage masa gudu, ka hukunta wanda ya fi maka araha, ka bar wanda ya fi tsada yana sha'aninsa. A nan gizo ke saƙar, kuma saboda wannan ne nake ganin iyakar data ta wata-wata makami ne mai dakushi idan cunkoso ake son yaƙa.

Mataki na biyar: yanke yawan ninkin da za ka sayar, da inda za ka ja birki

Kowane mai sayar da intanet yana sayar da fiye da abin da yake da shi, kuma wannan ba ha'inci ba ne. A misalinmu, idan ka sayar wa mutum 300 da 10 Mbps kowanne, ka sayar da 3,000 a kan layi mai 600, wato biyar a kan ɗaya. Yana aiki ne saboda ba kowa ke jan layin a daƙiƙa ɗaya ba. A farkon zamanin ADSL, wato intanet ta wayar tarhon gida, a Birtaniya, kamfanin BT ya riƙa sayar da 50 a kan ɗaya ga gidaje, 20 a kan ɗaya ga 'yan kasuwa. Kada ka kwafi waɗannan lambobi. A lokacin shafuka ake buɗewa a tsaya a karanta, yau kuwa bidiyo ne ke gudana ba yankewa. Lambar da ta fi amfani ita ce wadda ka auna da kanka: tudu raba yawan kwastomomi. A misalinmu 1.3 Mbps ce ga kowane mutum.

Sai tambayar da ta fi muhimmanci: layin ya cika zuwa ina kafin ka ce ya isa? Lissafin jerin gwano ya samo asali ne daga injiniyan nan ɗan Denmark, A. K. Erlang, wanda ya fara nazarin cunkoson layukan tarho a Kofanhegan a 1909. Darasin da ya fito daga wannan fanni shi ne jinkiri ba ya hawa a miƙe. A mafi sauƙin tsarin lissafin, idan layi ya cika rabi, lokacin da saƙo ke ɗauka ya ninka sau 2 na lokacin da layin ke fayau. A kashi 80 ya ninka sau 5, a kashi 90 sau 10, a kashi 95 sau 20. Zirga-zirgar intanet ta gaskiya ma ta fi wannan zuwa a dunƙule-dunƙule. Shi ya sa masu kula da layi da yawa ke fara shirin ƙari tun layi na tsakanin kashi 70 zuwa 80. Sararin da ya rage a sama ba asara ba ne, shi ne abin da kwastoma ke ji a matsayin "netwok mai kyau".

Mataki na shida: gyara jerin gwano kafin ka taɓa farashi

Wannan mataki ne aka fi tsallakewa, alhali shi ne mafi araha.

A watan Oktoba na 1986, layin da ya haɗa ɗakin bincike na Lawrence Berkeley da Jami'ar Kalifoniya a Berkeley ya faɗo daga bit 32,000 a daƙiƙa zuwa bit 40 kacal. Ba waya ce ta tsinke ba. Kwamfutoci ne suka yi ta sake aiko da abin da ya ɓace, suna ƙara wa layin kaya a daidai lokacin da ya kasa ɗauka. Maganin da Van Jacobson ya fitar a 1988 shi ne har yau ginshiƙin TCP, ƙa'idar da kwamfutoci ke bi wajen aika wa juna bayani: mai aikawa ya riƙa ƙara gudu sannu-sannu, da ya ga ƙunshin bayani, wato ɗaya daga cikin gutsattsarin da ake yanka saƙo kafin a aika, ya ɓace sai ya rage sosai. Wato ɓacewar ƙunshi ita ce siginar da ke ce wa kwamfuta ta sassauta.

Daga baya masu ƙera na'urori suka riƙa sa manyan ma'ajiyoyin jira a rauta da modem, da nufin kada komai ya ɓace. Sai siginar ta daina isa da wuri. Mai aikawa ya ci gaba da turowa, ma'ajiyar ta cika, duk wani ƙaramin saƙo ya tsaya a bayan dogon jerin gwano. Jim Gettys ne ya ja hankalin duniya ga wannan matsala a 2010. Alamarta a wajenka ita ce: gwajin gudu yana nuna lamba mai kyau, amma da zarar wani ya fara ɗora bidiyo sai kiran murya ya riƙa katsewa. Ƙa'idar G.114 ta hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta nuna cewa magana tana tafiya lafiya ne idan jinkirin zuwa bai wuce milisakan 150 ba, kumburarren jerin gwano kuwa yana iya kai shi daƙiƙa guda ko fiye.

Ga abin yi. Ka sa wa rautarka iyaka ƙasa kaɗan da ainihin faɗin layin, kamar kashi 90 zuwa 95, domin jerin gwanon ya taru a na'urarka inda kake da iko da shi, ba a na'urar wani ba. Sannan ka kunna FQ-CoDel ko CAKE, hanyoyi ne na tsara jerin gwano a cikin rauta. CoDel aikin Kathleen Nichols da Van Jacobson ne na 2012, yana lura da tsawon lokacin da ƙunshi ya yi yana jira, ya fara zubarwa da wuri idan jiran ya daɗe. FQ-CoDel ya ƙara da raba zirga-zirgar zuwa ƙananan layuka ana ɗauka bi da bi, saboda haka ƙaramin saƙo ba ya jiran babban fayil. CAKE ya shiga Linux, manhajar da ke tafiyar da rautoci da yawa, a 2018, kuma yana iya raba layi daidai tsakanin na'urori, ba tsakanin haɗe-haɗe kawai ba. Wannan bambanci yana da muhimmanci, domin mai manhajar da ke buɗe haɗi hamsin zai cinye rabon mai haɗi ɗaya idan ba a hana ba. Bayan ka kunna, maimaita gwajin ping ɗin nan a tsakiyar tudu ka kwatanta.

Mataki na bakwai: zaɓi tsarin farashi

Mutane suna son farashi ɗaya tsayayye, su biya su manta, ko da lissafin awo zai fi musu sauƙi. Amma yana da haɗari idan ba ka shirya ba. A Disamban 1996 kamfanin AOL a Amurka ya koma dala 19.95 a wata ba iyaka, mutane suka hau suka ƙi sauka, har ya kai masu biya da yawa ba sa ma samun shiga. Farashin bai yi laifi ba, layukan ne ba a tanada ba.

Abin da na fi gamsuwa da shi shi ne a haɗa abu uku. Na ɗaya, matakan gudu, misali 5, 10 da 25 Mbps, kowanne da kuɗinsa, kana tabbatar da cewa kowane mataki ya biya 17 ɗinsa da nauyin da masu shi ke ɗorawa a tudu kamar yadda ka auna. Za ka lura cewa wanda ya sayi ninki biyu na gudu ba ya jan ninki biyu na kaya, saboda haka manyan matakai sukan fi riba. Na biyu, idan har za ka sa iyakar data, ka ƙirga ta sa'o'in tudu kawai, ko aƙalla ka bar dare kyauta. Wannan tsohon tunani ne: Marcel Boiteux ya tsara shi a harkar lantarkin Faransa tun 1949, William Vickrey kuma, wanda ya samu kyautar Nobel a 1996, ya kai shi kan tituna da jiragen ƙasa. Duk gigabait ɗin da ta ƙaura daga ƙarfe tara na dare zuwa ƙarfe ukun dare ta rage maka kuɗi ba tare da ta rage wa kowa komai ba. Sai dai ka sani ba kowane kaya ke ƙaura ba. Sabunta manhaja da adana fayiloli suna iya jira, kallon wasa kai tsaye ba ya jira.

Na uku shi ne rukuni mai tsada ga wanda jinkiri ke yi wa ɓarna. Masanin lissafi Andrew Odlyzko ya kawo wata shawara a ƙarshen shekarun 1990, ya ɗauko ta daga jirgin ƙarƙashin ƙasa na Faris, wanda har zuwa 1991 yake da taragun daraja ta ɗaya da ta biyu. Jirgi ɗaya ne, lokacin isa ɗaya ne, amma tarago mai tsada ba ya cika, saboda tsadar ce da kanta ke rage masu shiga. A layinka ma haka: ka ware wani kaso ga 'yan kasuwa da ƙaramin ninki da kuɗi mafi yawa. Sharaɗin kawai shi ne kada ka lalata rukunin ƙasa da gangan don ka tura mutane sama.

A yi wa iyakar data adalci: a layin wayar salula, inda kowa ke raba iskar eriya ɗaya kuma ba a iya ƙara mitar rediyo yadda aka ga dama, tana da hujja mai ƙarfi. Haka kuma masu cin data da yawa sukan kasance cikin masu cika tudu. Tana kuma ba mai ƙaramin ƙarfi damar sayen kaɗan. Amma wannan hanyar raba kwastomomi ce gwargwadon aljihu, a kira ta da sunanta.

Mataki na takwas: rubuta dokar lokacin da layi ya shaƙe

Duk shirin da ka yi, wata rana zai cika. Kuskuren da aka fi yi shi ne a zaɓi wata manhaja a danne ta. A 2007 aka gano kamfanin intanet na Comcast yana katse zirga-zirgar BitTorrent, manhajar musayar manyan fayiloli, a ɓoye, a 2008 hukumar kula da sadarwa ta Amurka, FCC, ta ce ya daina. Tsarin da kamfanin ya koma daga baya, ko da yake ya daina amfani da shi yanzu, ya fi dacewa a koya. Ba ya duba abin da mutum ke yi. Sai idan wata mahaɗa ta wuce kashi 70 a ɗorawa ko kashi 80 a saukewa na tsawon minti 15, sannan a duba waɗanda suka riƙe kashi 70 ko fiye na gudun da suka saya a wannan lokaci, a mayar da ƙunshinsu baya a jerin gwano na ɗan lokaci. Da nauyinsu ya sauka, sai a maido su. Babu cunkoso, babu wanda aka taɓa.

Ka duba dokar ƙasar da kake aiki. Tarayyar Turai ta kafa dokar buɗaɗɗen intanet a 2015, wadda ta yarda da sarrafa cunkoso na ɗan lokaci muddin an yi wa zirga-zirga iri ɗaya hukunci iri ɗaya. Hukumar TRAI ta Indiya ta hana bambanta farashin data bisa abin da ake kallo a Fabrairun 2016. Ko dokar wajenka ba ta tilasta ba, ka rubuta wa kwastoma ƙa'idarka da harshen da zai gane: wace sa'a, wane adadi, me zai faru, yaushe zai dawo daidai.

Mataki na tara: rage kayan da ke bin layi mai tsada

Idan ka girma, nemi rumbun ajiya na manyan kamfanonin bidiyo, wato na'urar da za su ajiye a wajenka domin bidiyonsu ya fito daga nan ba sai ya bi layin sari ba. Netflix yana da shirin Open Connect tun 2012, Google yana da nasa, kuma suna ba masu layin da zirga-zirgarsu ta kai wani adadi. Ka kuma jona da cibiyar musayar intanet mafi kusa, irin su DE-CIX a Frankfurt ko LINX a Landan, inda kamfanoni ke miƙa wa juna zirga-zirga kai tsaye. Lissafin mai sauƙi ne: kuɗin wayar da za ta kai ka can da kuɗin jonawa da cibiyar, a raba da Mbps ɗin da za su bar layin sari a lokacin tudu. Idan ya gaza 10 ɗin nan na misalinmu, kwalliya ta biya kuɗin sabulu.

Mataki na goma: san ranar da za ka ƙara layi

Koma kan jadawalinka na watanni ka ga yadda tudu ke hawa. Ka tuna yana hawa ta hanya biyu: sababbin kwastomomi, da kuma tsofaffin da ke ƙara amfani ko ba ka ƙara ko mutum ɗaya ba. A misalinmu kana kan 390 cikin 600, wato kashi 65. Idan ka sa iyakarka a kashi 75, wato 450, kuma tudu yana ƙaruwa da kashi 3 kowane wata, saura maka kimanin wata biyar. Tambayi mai sayar maka tsawon lokacin da ƙari ke ɗauka daga sa hannu zuwa kunnawa. Idan ya ce wata uku, to nan da wata biyu ya kamata takardar ta bar hannunka, kuma kuɗin ƙarin ya riga ya shiga farashin da kake karɓa yau.